Wanda Ya Ɗauke Keken Inna

Da sassafe Nas ta dawo daga aikin dare a asibiti, ta tarar da ƙofar ɗakin marigayiya mahaifiyarta a buɗe, kwaɗo na lilo da makulli a jikinsa, keken ɗinki kuma babu shi babu dalilinsa. Abin da ya rage shi ne shatin ƙafafunsa a kan siminti. Ba ta yi ihu ba, don ba halinta ba ne, amma maganar da ta yi a bakin ƙofar gida ta kai ƙarshen layin tun ruwan shayi bai tafasa ba.

Duk layin an san keken nan. Baƙi ne, na takawa da ƙafa, zanen furannin jikinsa ya goge saboda shafar hannu. Inna ta gaje shi daga uwarta, a kansa ta ɗinka rigunan makarantar 'ya'yanta biyu, Nas da ƙaninta Auta, a kansa kuma ta koya wa matar Auta ɗinki har ta zama Mai-ɗinkin da ake ji da ita. Bayan rasuwar Inna aure ya mutu tsakanin Auta da Mai-ɗinki. Ba duka, ba zagi, zama ne kawai ya ƙi, kowa da taurin kansa. Da ta zo kwashe kayanta ta kama keken, sai Nas ta dafe shi ta ce wannan gado ne. Mai-ɗinki ta ce Inna ta bar mata. Magana ta kai kotu, alƙali ya ce a kulle keken a ɗakin marigayiya, kada kowa ya taɓa shi sai an yanke hukunci. Gobe ne ranar hukuncin.

Saboda haka mutanen layi ba su wahalar da kansu da tunani ba. Tun kafin Kofur ya iso daga caji ofis an gama shari'a a bakin famfo, an kama Mai-ɗinki da laifi, saura kawai a je a taho da ita.

Tsoho, mijin marigayiya, shi ne ya ce a kira masa Mai-sawu.

* * *

Mai-sawu ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun dabbobin da suka ɓata. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai ɗan binciken unguwa: akuyar wance, keken ɗan wane. Mutum ne da ba ya kallon fuska idan ana gaisawa, ƙafa yake kallo, har wasu ke cewa kunya ce da shi. Ba kunya ba ce. Ya daɗe da gano cewa fuska ta iya ƙarya, ƙafa kuwa ba ta da wannan wayon.

Ya tarar da jama'a cunkushe a ƙofar gida, babu wanda ya shiga, don Nas ta tsaya a bakin ƙofa da farar rigarta, kuma ba a haifi mai ture ta ba a layin. Wannan ya yi masa daɗi. Jiya da yamma an yi yayyafi, ƙasar tsakar gidan ta yi laushi, duk wanda ya taka ya bar shaidarsa.

"Kawu, ba sai ka wahalar da gwiwarka ba," in ji Nas. "Na san wadda ta ɗauka."

"To madalla. Bari in duba ko ƙasa ma ta sani."

Ya shiga yana bin gefen bango, Kofur na biye da shi. Sawu iri uku ya gani tsakanin ɗakin Inna da ƙofar gida. Akwai na takalmin asibiti, na Nas ke nan. Akwai na takalmin mata mai faɗi, wanda ya shigo bayan yayyafi ya je ɗakin Tsoho, ya tsaya a tagar ɗakin Inna har dunduniya ta nutse, sannan ya fita. Na uku silifas ne na roba, irin wanda ake ajiyewa a ƙofar banɗaki kowa ya zura. Ya fita da nauyi, ya dawo sakayau, ya sake fita da nauyi, ya sake dawowa. Silifas ɗin ma ga su can a mazauninsu, an jera su, laka ba ta gama bushewa a jikinsu ba.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Mai-sawu. "Ya ari takalmi ya mayar."

"Namiji ne ko mace?" Kofur ya tambaya.

"Mai ɗauke da kaya takunsa gajarta yake yi, ko wane ne shi. Silifas ɗin kuma ya yi wa kowa yawa. Ba zan ce ba tukuna."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A tsakiyar gidan, inda babu dutse, babu rami, babu ko tsinke, sawun silifas yakan karkace ya yi ɗan zagaye sannan ya koma hanya. Zuwa da dawowa duk haka, har da lokacin da mutumin ke nishi da ƙarfe a kafaɗa. Mai-sawu ya tsuguna ya shafa wurin da tafin hannu. Ƙasa ce kawai kamar sauran. Ya miƙe da ƙyar, bai ce wa kowa komai ba.

Nas ta nuna sawun takalmin matan da yatsa. "Wannan fa? Na san ƙafar nan. Duk layin nan wace mace ke da ƙafa kamar faranti in ba ita ba?"

Tsoho na zaune a ƙofar ɗakinsa, idanunsa da suka yi hazo suna kallon sama. Ya yi gyaran murya.

"Ta zo jiya. Kullum tana zuwa. Ita ke ɗiga min maganin ido."

Nas ta juya a hankali. "Baba, ni ce nas a gidan nan."

"Ke ce. Amma ke in kin ɗiga sai na ji kamar na yi laifi."

Wani a waje ya yi dariya, Nas ta waiwaya, dariyar ta mutu. Ta tambayi inda makullin ɗakin ke kwana, Tsoho ya ce a ƙusar bayan ƙofarsa, inda kowa ya sani. Auta kuwa, direban bas ne, ya fita tun duhun asuba kamar kullum, kuma ba ya ɗaga waya in yana kan hanya. Babu wanda ya kawo shi a rai. Shi da yayarsa ne suka shigar da ƙara, mutum kuma ba ya satar abin da yake sa ran za a ba shi gobe.

* * *

A waje maƙwabta suka nuna wa Mai-sawu shatin tayar baro da ta wuce ta ƙofar gidan. Ya ce baron ba shi da nauyi, suka ce a dai duba. Don a zauna lafiya ya bi su har rumfar mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda suka tarar yana karyawa a kan wata tsohuwar batir.

"Keken Inna?" Mutumin ya ajiye kofinsa. "Ni da ta ɗinke min aljihu ba sau ɗaya ba? Ku duba. In kun ga ko allurarsa ku tafi da ni."

Suka duba. Ƙarfen gado ne, da murfin tukunya, da rabin fanka. Maƙwabta suka dawo jiki a sanyaye, ba don sun zargi bawan Allah a banza ba, sai don sun so a ce an samu wani abin kallo.

Mai-sawu ya koma kan silifas ɗinsa. Sawun bai bi babban titi ba, ya bi lungun baya, ta bayan shagon aski, ta gefen kwata. A wani wuri mai kayan ya sauke ya huta, ƙafafun tebur suka bar ramuka. Tun daga nan zuciyar Mai-sawu ta fara nauyi, don ya san inda lungun yake ɓullewa. Yana son yarinyar nan Mai-ɗinki. Tun tana amarya take rage masa tsawon wando ba ta karɓar komai, tana tsokanarsa wai ƙafarsa ce ke komawa ciki.

Sawun ya tsaya cak a ƙofar baya ta shagon Mai-ɗinki.

* * *

Tana gaban shago tana yanka yadi, almakashi a hannu, tef a wuya. Doguwa ce, mai yawan dariya a da. Ta ga Mai-sawu da Kofur da rabin layi a bayansu, sai ta ajiye almakashin.

"Kawu, na ji abin da ake faɗa. Ban ɗauka ba."

"Na ji, 'yata. Buɗe mana ɗakin baya."

"Babu komai a ciki sai ƙyallaye. Yau ko leƙa shi ban yi ba."

Ta buɗe da kanta, da ƙarfin gwiwar mai gaskiya. Keken na tsaye a tsakiyar ɗakin, an lulluɓe shi da wani tsohon zane. An mayar da kan keken a kan teburinsa, an ɗaura bel, har ƙamshin man keke na tashi. Mai-ɗinki ta dafa bango. Abin da ya ba Mai-sawu tausayi shi ne, kafin tsoro ya zo mata, sai da hannunta ya kai kan keken ya shafa shi.

A waje surutu ya tashi. Wata ta ce dama ta faɗa, wata ta ce ita daga yau ta kwashe ɗinkinta. Kofur mutumin kirki ne, amma aiki aiki ne. Ya ce kayan da kotu ta hana taɓawa ne aka samu a hannunta, dole ta bi shi.

Mai-sawu ya san abin da hakan ke nufi. In ta taka caji ofis yau a gaban mutanen nan, ko gobe an wanke ta sunan ɓarauniya ya zauna, kuma babu mai kai yadinsa wurin ɓarauniya. Ya ja Kofur gefe.

"Ka ba ni zuwa la'asar. In ban kawo maka mai silifas ba, ni zan rako ta da kaina."

Kofur ya dube shi, ya dubi matar, ya ce zai zauna a ƙofar shagon ya jira.

Mai-sawu ya tura ƙofa, ya zauna a kan buhun ƙyallaye. "Wa ke da makullin bayan nan?"

"Ni kaɗai." Ta yi jim. "Ɗayan ya ɓata tun ina gidan."

"Me Inna ta ce miki game da keken? Ba abin da lauya ya tsara ba. Abin da ya fito daga bakinta."

Ta sunkuyar da kai. "Ranar da jikinta ya yi tsanani ta ce a zaunar da ita a gaban keken. Ina gefenta, Auta yana tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗora hannu a kan keken, ta kama hannuna da ɗayan, ta ce, ‘Ki riƙe min shi da kyau.’ Shi ke nan."

"Nas kuma ta ce riƙo ajiya ne, ba kyauta ba."

"Haka ta ce. Shi kuma ya ce wa alƙali bai ji komai ba."

"Ke fa? Alƙali ya nemi ki rantse cewa kyauta ce?"

"Ya nema."

"Kin rantse?"

Ta ɗauki wani ƙyalle tana ninkewa tana warwarewa. Mai-sawu bai matsa mata ba, ya dafa gwiwa ya tashi.

* * *

Ya koma gidan Tsoho ya zauna kusa da shi a kan benci. Labarin an ga keken ya riga shi isowa.

"Ba ita ba ce," in ji Tsoho. "Yarinyar da ke wanke min ido ba za ta zare makulli a bayan ƙofata ba."

"Ni ma haka raina ke faɗa min. Amma Kofur ba ya rubuta abin da rai ya faɗa."

Nas ta fito daga kicin da kofin shayi, fuska a haɗe. Ta cika ta yi fam, ga gajiyar aikin dare, ga nasarar da ba ta yi mata daɗi ba. Ta nufi ƙofar gida don ta kori yaran da ke leƙe. Mai-sawu, kamar kullum, ƙafarta yake kallo. Tana isa tsakiyar gidan sai ta karkace, ta yi ɗan zagaye, ta koma hanya, shayinta ko tangaɗi bai yi ba. Da ta dawo ma haka.

Mai-sawu ya tashi ya sake duba sawunta na safe. Ya ji haushin kansa, don abin yana nan tun ɗazu, hankalinsa ne ya tafi kan silifas. Ya duba na takalmin matan mai faɗi. Sannan ya dawo ya sunkuya kusa da kunnen Tsoho.

"Me ke tsakiyar gidan nan a da, kafin in zo layin nan?"

Tsoho ya ba shi amsa da kalma ɗaya, yana murmushin tuna baya. Murmushin bai daɗe ba ya ɗauke, don tsufa ya ci idonsa ne kawai, bai taɓa kansa ba.

"Yaushe bas ɗin Auta ke dawowa?" in ji Mai-sawu.

"La'asar."

"To a share min tsakar gidan nan, a yayyafa ruwa."

* * *

Da la'asar kowa ya hallara. Kofur ya zo da Mai-ɗinki, maƙwabta suka cika ƙofa da kan katanga. Auta ya shigo daga ƙarshe, da ƙurar hanya a gashin ido. Tun a tasha aka tare shi da labari, kuma da ganin yadda ya shigo an san labarin ya dake shi. Ya dubi tsohuwar matarsa tsaye kusa da ɗan sanda, ya buɗe baki, sai idonsa ya haɗu da na yayarsa, ya rufe. Auta na iya ratsa babbar mota biyu da bas cike da mutane, amma tun yana yaro bai taɓa iya ratsa kallon Nas ba.

Mai-sawu ya sa Mai-ɗinki da Nas da Auta suka bi gefen bango suka tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Shi kuma ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar gida.

"Tambaya ɗaya zan yi wa kowa, a kunne. Gwiwata ba ta son yawo, ku ku zo."

Mai-ɗinki ta fara zuwa. Ya tambaye ta ko ta ci abinci yau, ta ce a'a. Nas ta zo, ya tambaye ta ko da gaske asibiti ta kwana, ta ce ya je ya tambayi majinyata ɗaki guda. Auta ya zo yana jan ƙafa. Mai-sawu ya dube shi a fuska, abin da ba ya yi, ya ce masa a hankali, "Kafaɗar ta daina ciwo?" Auta ya yi tsuru-tsuru.

"To, Kofur, zo ka gani. Ku ma na kan katanga ku miƙo wuya."

A kan ƙasar da aka share sawu uku ne kwance, kowa na iya karantawa. Na Mai-ɗinki ya taho a miƙe tun daga ɗakin har ƙofa. Na Nas da na Auta kuwa, suna isa tsakiya suka karkace, suka zagaye wurin da babu komai.

"Mai silifas ɗin da ya ɗauki keken haka ya yi, zuwa da dawowa," in ji Mai-sawu. "Kofur ya ga sawun da safe. Baba, faɗa musu abin da suke zagayewa."

"Rijiya," in ji Tsoho. "A nan take. Uwarsu ba ta da abin tsoro kamar ta. Duk wanda ya matsa kusa sai ya sha dundu, har suka koyi kaucewa ko da ido a rufe. Na cike ta tun Auta bai gama firamare ba. Wannan yarinyar kuwa ko labarinta ba ta taɓa ji ba."

Nas ta kalli sawunta kamar na wani. "Ni ban san ina yi ba."

"Ba ki sani ba, shi ma bai sani ba. Wanda aka haifa a gidan nan ne ya ɗauki keken. Ke kuma kin kwana a asibiti."

Auta ya cire hularsa ya murɗe ta a hannu.

"Ni ne, Yaya."

"Kai? Kai da muka shigar da ƙara tare?"

"Ke kika shigar, ni na bi ki." Ya ci gaba. "Na ce wa alƙali ban ji komai ba, alhali na ji. Haushinta nake ji lokacin. Lauya ya ce in ba ta kawo shaida ba gobe keken ya dawo gado. Na kasa barci. Na ga ba zan iya tsayawa gabanki in ce na yi ƙarya ba, sai na ce bari in kai mata kayanta kawai, in ya so kowa ya wayi gari ya ga an gama. Makullin shagon yana wurina tun da."

"Ka kai mata kayan da kotu ta kulle, ka ajiye a ɗakinta, ka hau mota ka tafi," in ji Kofur. "Ba ka yi tunanin wa za a kama ba?"

"Wallahi ban yi ba."

"Bai yi ba," in ji Nas da Mai-ɗinki a tare. Suka dubi juna, kowacce ta kau da kai.

Auta ya juya wajen Kofur. "Gobe zan faɗa wa alƙali. Inna ta ɗora hannu a kan keken ta ce ta riƙe shi. Na ji da kunnena. Nata ne."

Mai-sawu ya sauke ajiyar zuciya. Sunan yarinyar ya fita, ga shaida kuma ta samu. Yana shirin neman sandarsa sai ya ji muryarta.

"Kada ka faɗa masa haka."

Mai-ɗinki ce. Ta matso tsakiyar gidan, ta tsaya daidai inda 'yan gidan ba sa takawa.

"Kai kana bakin ƙofa, hannunta kawai ka gani. Ni ina gefenta, na ga idonta. Hannunta na kan keken don ta jingina ne, ba ta iya zama da kanta. Amma da ta ce in riƙe mata shi da kyau, ba keken take kallo ba." Ta juya ta dubi Auta. "Kai take kallo."

Babu wanda ya motsa, har na kan katanga.

"Shi ya sa na kasa rantsuwa. Amana ta ba ni, na kasa riƙewa. Da na zo fita daga gidan nan na ga ba ni da komai nata, sai na ce ko keken ne in riƙe, in ce wa kaina shi take nufi. Yaya ce ke da gaskiya. Inna ba ta ba ni keke ba. Gadonku ne, ku ɗauka."

Auta ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da hula. Mai-sawu ya ji idonsa na yaji, ya mayar da shi kan ƙasa inda ya saba. Ya wanke ta daga sata, ita kuma da bakinta ta saki abin da ta yi ta shari'a a kansa, a ranar da ya zama nata.

Tsoho ne ya fara magana. "In gado ne, ina da rabo a ciki. Nawa na ba ta."

"Nawa ma," in ji Auta daga cikin hula.

Ido ya koma kan Nas. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin uwarta. Da ta yi magana, muryar ba irin ta bakin ƙofa ba ce.

"Sau nawa Inna ta zaunar da ni a gaban keken nan, na karya mata allura na gudu. Ke kika zo kika zauna. In na dawo daga aiki sai in ji ku kuna dariya a ɗakin nan, keke na tafiya, in wuce ɗakina. Ba keken nake so ba, ko zare ban iya sa masa ba. Haushi nake ji a ce ke kika fi ni zama 'yarta."

"Yaya, kullum zancenki take," in ji Mai-ɗinki. "Farar rigarki ta farko, sau uku ta warware ta don ba ta yi mata kyau yadda take so ba."

Nas ta goge ido da bayan hannu, da sauri, kamar mai korar ƙuda. Ta juya wajen Kofur ta ce gobe za su je su janye ƙara, shi kuma wannan ɓarawon silifas ɗin ya yi wa alƙali bayani da bakinsa. Kofur ya ce hakan ya fi masa sauƙi. Sannan ta dawo kan Mai-ɗinki, ta gyara tsayuwa, ta haɗe rai yadda aka san ta.

"Ni ban ba ki rabona ba, kada ki ji an ce. Ajiya ce. Duk ranar da na ga dama zan zo shagon in zauna kusa da rabona, ki ba ni kujera, kuma ba sallama za ki yi min ba sai na gaji."

"Ko kullum ne, Yaya."

"Wancan kuwa," ta nuna ƙaninta da haɓa, "na sauke miki. Inna ta ɗora miki kayan da ita ma da ƙyar ta ɗauka. Kin riƙe iya ƙarfinki, na gani da idona, ban dai faɗa ba ne."

Mai-ɗinki ta matsa kusa da Nas. Tun ranar da ta bar gidan nan babu wanda ya ga hawayenta, ko a kotu, ko ɗazu a gaban ɗan sanda. Yanzu ta kifa kai a kafaɗar farar rigar ta saki kuka, Nas kuma ta tsaya ƙiƙam, tana bubbuga bayanta da ƙarfi fiye da kima, tana cewa ya isa haka, za ta ɓata mata riga.